Hanta Biyu a Layi Guda

A cibiyar binciken cututtuka, can ƙarshen barandar bene na biyu, bayan an wuce bayi da ɗakin ajiye tsintsiya, nan ne ɗakin mutumin da kowa ke kira Sarkin Ɓeraye. A gaban idonsa Malam suke cewa. Ya san sunan bayan idon, bai kuma taɓa jin haushinsa ba, domin a ganinsa ita ce sarauta ɗaya tilo a gidan da aka samu ba tare da an yi wa kowa fadanci ba.

Shekara goma sha tara ya yi yana kama ɓeraye. Ya ɗana tarko a shagunan hatsi, da bayan makarantun kwana, da rumbunan mutanen da ke kallonsa kamar mai taɓin hankali. Idan ya kawo su sai ya feɗe, ya ciri ɗan gutsuren ƙoda da na huhu, ya saka a 'yan kwalabe kamar ɗan yatsa, ya rubuta rana da wuri, ya jera a firiza. Abin da yake farauta wata ƙwayar cuta ce mai suna hantabairus. Tana zama a fitsarin ɓera da kashinsa. Idan suka bushe suka bi iska mutum ya shaƙa, sai ta kama masa ƙoda ko huhu. Sunan kuwa daga wani kogi aka samo shi, a wata ƙasa mai nisa inda aka fara gano ta. Katari ne kawai aka yi ya zo daidai da kalmarmu ta hanta. Malam ya yi wannan bayani ga 'yan jarida, ga surukansa, ga mai gadin ƙofa. Kowa ya gyaɗa kai ya ce ya fahimta, kwana biyu kuma ya kawo masa ɗan'uwansa mai kumburin ciki da idanu rawaya.

Firizar ita ce dukiyarsa. Fara ce, ta fi shi tsawo, tana gurnani dare da rana kamar tsohon da aka hana magana. Kwalabe dubu shida da 'yan kai ne a cikinta. Ya yi imani wata rana cutar za ta ɓarke, a zo ana neman sanin tun yaushe take tare da mu kuma a ina ta fi yawa, ranar nan babu mai amsa sai wannan firiza. Matsalar ita ce cutar ba ta ɓarke ba. Mutum ba zai roƙi Allah ta ɓarke ba, amma kuma ba a yi wa mai bincike tafi saboda annobar da ba ta zo ba.

Sai aka kawo sabon Darakta, ya zo da sabon ma'auni: ambato. Idan ka wallafa maƙala a mujalla, wani mai bincike ya kafa hujja da ita a cikin tasa, to an ambace ka sau ɗaya. Akwai na'urar da ke tattara wannan daga ko'ina a duniya, ba ta karanta abin da ka rubuta, kanun kawai take ƙirgawa. Darakta ya fitar da takarda: duk sashen da bai kai ambato ɗari ba cikin shekara biyar za a rufe shi, a ba wa masu amfani ɗakinsa da kayansa. Hukumar gudanarwa za ta zauna ranar Alhamis ta yanke.

Malam bai jira na'ura ba, ya san nasa da ka. Arba'in da uku. Sha ɗaya a ciki shi ya ambaci kansa. Shida kuma na wani farfesa ne a ƙasar waje, wanda duk shekara sai ya ambace shi don ya nuna ya yi kuskure. Malam ya sha cewa a duk duniya babu mai ƙaunarsa kamar mutumin nan.

Ranar Talata da hantsi aka turo rahoton da za a gabatar wa hukuma. Ya buɗe yana neman layinsa kamar mai neman sunansa a jerin waɗanda suka faɗi jarrabawa. Bai ga sashen ɓeraye ba. A shafi na huɗu ya ga an rubuta: Sashen Hanta, shugaba shi kansa, maƙala sittin da ɗaya, ambato dubu ɗaya da ɗari biyu da arba'in da tara.

Hantar cikinsa ta kaɗa, ta gaske. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Lambar ba ta motsa ba. A ƙasan sunansa, da ƙananan baƙaƙe a cikin jerin mataimaka, ya hango sunan Dakta. Ita ce ke riƙe da sashen ciwon hanta a bene na ƙasa, inda ake gwada jinin masu juna biyu don kada su shafa wa jarirai. Ɗalibarsa ce a da, shi ya koya mata riƙe bututun gwaji. Dubu ɗaya da ɗari biyu da shida duk nata ne.

Ya sauka laburare da rahoton a hannu. Mai laburare tsaransa ne, shekara guda aka ɗauke su aiki, tun suna da baƙin gashi suke kiran juna Tsoho.

“Tsoho, wa ya haɗa wannan?”

“Ni ne. Ka zo godiya?”

“Na zo in ji abin da ka sha.”

“Shayi, ba sukari, likita ya hana.” Mai laburare ya jawo masa kujera da ƙafa. “Shugaban hukuma ya ce ya gaji da rahoton da sai ya riƙe ƙamus. Aka ce a yi shi da Hausa. Na zauna kwana tara ina fassara cututtukanku ɗaya bayan ɗaya. Na yarinyar nan na rubuta ciwon hanta. Da na zo naka sai na ga ka hutar da ni, ya zo da fassararsa. To hanta da hanta, don me zan ɓata layi biyu?”

“Shekara goma sha tara muna cin abinci a tebur ɗaya.”

“Kuma kullum kana maganar ɓera ina cin abinci, shi ya sa na koyi toshe kunne.”

“Kogi ne. Sunan kogi ne, Tsoho.”

Mai laburare ya sake duba shafin. Can ya ce, “Kogin ma hanta sunansa?” Da ya ga babu dariya a fuskar abokinsa sai ya rage murya. “To, na yi ɓarna. Sunanka kuwa na ɗora a sama don ba a ɗora yarinya a kan malaminta. Amma an riga an buga, an rarraba wa 'yan hukuma. Darakta ya karanta ya sa hannu, shi da ya san bambancin kamar yunwar cikinsa. Ka san raɗe-raɗin da ake yi cewa yarinyar ce za ta gaje shi. Kai dai ka ja bakinka. Tsuntsu ne daga sama gasasshe, kuma a bakin wanda ya fi kowa yunwa ya faɗo.”

“Ita fa?”

“Yarinya ce, tana da shekaru a gaba. Ƙarin matsayin da take nema ya wuce ta bana, baɗi ta sake nema. Kai ina taka baɗin?”

Malam ya naɗe rahoton ya fice, saboda tambayar ta yi daidai, kuma bai son tambayar da ta yi daidai daga bakin wanda bai san kogi ba.

Da yamma ya tarar da matarsa a falo tana ɗinke maɓallin rigar aikinsa. Malamar makaranta ce da ta yi ritaya, kuma har yanzu idan tana sauraron mutum sai ya ji kamar ana duba masa littafi. Ya zayyana mata komai, ya yi ta kewaye-kewaye yadda laifin zai tsaya a laburare.

“Kai ka ƙirga?” ta tambaya.

“A'a.”

“Kai ka rubuta?”

“A'a.”

“To, Baban yara, mene ne na zufa? Shekara goma sha tara ina wanke riguna masu warin ɓera. Ranar auren Auta kana bayan shagon masara da tarko. Idan yau Allah ya sa wani ya yi kuskure ya biya ka, ni ba zan yi kuka ba.” Ta gatsa zaren ta tsinke. “Wace yarinya ce ma? Ba ita ce ta zauna da ni kwana huɗu a asibiti ba, lokacin da aka yi mini aiki kana can wajen taro?”

“Ita ce.”

“Mai yanka mini lemo tana cire 'ya'yan.”

“Na ce ita ce.”

“Tambaya kawai na yi.” Ta miƙa masa rigar. “Ga ta nan. Na ga ranar Alhamis za ka so ka fita fes, tunda kai ne shugaban hanta.”

Ya karɓi rigar. Shekara talatin da huɗu da aure, bai taɓa yin nasara a gardamar da ta goyi bayansa ba.

Ranar Laraba ya sauka bene na ƙasa, wai zai ari safar hannu. Barandar cike take da mata masu ciki a kan benci, kowace da katinta, wasu da yara riƙe da gefen zane. Dakta na tsaye gaban tsohuwar firjinsu, wadda aka ɗaure ƙofarta da igiyar roba don ba ta rufuwa. Da ta gan shi ta ajiye abin hannunta ta rusuna.

“Malam, ina kwana. Ya jikin Mama?”

“Da sauƙi.”

Ta ba shi safar, ta tambayi ƙafarsa mai ciwo, ta tambayi jikokinsa. Ya tsaya yana jira ta ɗauko zancen, ya riga ya shirya amsa uku. Ba ta ɗauko ba. Wannan ya fi ba shi haushi fiye da a ce ta zage shi.

“Ba ki ga rahoto ba ne?”

“Na gani, Malam.”

“To?”

“To me zan ce? In miƙe gaban hukuma in ce malamina ya cinye mini ambato?”

“Ban ci ba. Ba ni aka yi.”

“Ai shi ya sa ban ce komai ba.” Ta gyara igiyar firjin. “Na san abin da ke cikin firizar nan. Kwalba ɗari uku a ciki ni na rubuta musu lamba, da rubutuna na da, wanda kake cewa kamar kaza ta taka tawada.”

“Har yanzu bai gyaru ba.”

“Bai gyaru ba, Malam.”

Wata mata ta kira ta daga benci, ta ce masa ya yi haƙuri ta tafi. Ya hau bene da safar da bai buƙata. A ɗakinsa ya zauna gaban firiza ya daɗe. Ya gwada lissafin ta kowace fuska. Ita za ta rasa shekara guda, shi zai rasa goma sha tara. Ko yaro ya san wanda ya fi yawa. Amma duk sanda ya kai ƙarshen lissafin sai ya ga sunanta da ƙananan baƙaƙe, ya tuna yadda yake tsawata wa ɗalibai idan suka ɗauki jimla ɗaya ba su faɗi mai ita ba. Ya taɓa kayar da wani saurayi a kan layi uku.

Ranar Alhamis 'yan hukuma tara suka zauna a dogon tebur, kowa da robar ruwa da rahoto a gabansa, mafi yawa ba a ko lanƙwasa bangon ba. Shugaban hukuma dattijo ne da ya yi ritaya daga mulki, mai fara'a, mai son a gama da wuri. Da aka zo shafi na huɗu ya ɗaga kai yana neman Malam.

“Ga irin mutanen da muke so. Dubu da ɗari biyu. An ce har ana yi maka laƙabi da ɓera, ashe damisa ce a ɗakin.”

Aka yi dariya, aka fara tafi. Darakta ma ya tafa, da yatsu biyu. Dakta na can kujerar baya tana kallon takalminta.

Malam ya miƙe. Gwiwarsa ta yi ƙara.

“Ranka ya daɗe, akwai gyara.”

“Gyare-gyaren rubutu a kai wa sakatare,” in ji Darakta da sauri. “Lokaci na tafiya.”

“Ba na rubutu ba ne. Sashe biyu aka haɗa. Ciwon hanta na Dakta ne, ga ta can. Nawa daban ne.”

Shugaba ya duba shafin. “Naka ba hanta ba ne?”

“Sunansa ke nan, ranka ya daɗe, amma ba ita ba ce.”

“Hanta ai hanta ce, Malam. Ko ta rago ko ta mutum, wuri guda take.”

“Tawa kogi ce.”

Dariyar wannan karon ta fi ta farko. Wani ɗan hukuma ya ce ashe ilimi ma idan ya yi yawa yakan zuba. Wata kuma ta ce wannan tawali'u ne irin na mutanen da, a bar shi haka. Shugaba ya yi masa alama da hannu ya zauna, ya fara juya shafi.

Nan Malam ya gane cewa an buɗe masa ƙofa har sau biyu. Ya faɗi gaskiya, an ƙi karɓa. Idan ya zauna yanzu babu mai cewa ya yi ƙarya, ko matarsa. Ya ji kujerar tana taɓa bayan gwiwarsa. Abin da ya hana shi zama, da za a tambaye shi, ba zai ce kirki ba ne. Haushi ne. Shekara goma sha tara yana bayani ɗaya, yau ga mutum tara a zaune da aka biya su don su saurara, su ma sun gyaɗa kai.

Ya ɗauki rahoton ya zagaya teburin har gaban Shugaba. Ya yi bayanin ƙoda da huhu, da fitsarin ɓera, da kogi. Ya ja layi da biro a tsakiyar shafin, ya rubuta lambobi biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ya tura rahoton gaban Shugaba.

“Wanne ne naka?” Shugaba ya tambaya.

“Na ƙasan.”

“Arba'in da uku?”

“Sha ɗaya ni na ambaci kaina.”

“Wannan kuma ba wanda ya tambaye ka.” Dattijon ya jingina ya dube shi da kyau. “Na zauna a kwamiti ya fi ɗari. Ban taɓa ganin wanda ya ta da jijiyar wuya don a rage masa ba. Darakta, kai ba ka ga wannan ba?”

Darakta ya ce aiki ne ya yi yawa, kuma za a binciki laburare.

Suka yaba masa sosai. Har aka sa a rubuta a bayanin taro cewa hukuma ta jinjina wa gaskiyarsa. A layin da ke biye aka rubuta cewa sashensa bai kai ɗari ba, doka kuma doka ce. An ba shi mako biyu. Firiza za ta koma sashen ciwon hanta, tunda su ne masu amfani kuma firjinsu ta mutu. Kayan ɓeraye a kai su wurin ƙona shara. Shi kuma a ba shi tebur a laburare har ritayarsa, kusa da abokinsa.

Da ya koma gida matarsa ta dubi fuskarsa sau ɗaya, ta tashi ta ɗora ruwan shayi. Ba ta ce ya kyauta ba. Ta ce, “Maɓallin ya riƙe?”

Ranar da za a ɗauke firizar, Dakta ta hau bene da kanta, riƙe da kwalin ƙanƙara da takardun manne. Ta tarar da shi ya buɗe ƙofar, hayaƙin sanyi na zubowa a kan takalminsa.

“Malam, jinin da nake da shi zai cinye hawa huɗu na firizar. Na biyar, na ƙasa, ba zan cika shi ba kafin shekara shida.”

“Kwalba nawa yake ɗauka?”

“Ɗari takwas.”

Ɗari takwas cikin dubu shida. Ya so ya ce mata ta riƙe sadakarta. Maimakon haka ya jawo littafin rajista ya fara zaɓe. Ya ɗauki na shekarar farko, ya ɗauki na shagunan da aka samu cutar, ya bar na makarantun kwana, ya koma ya ɗebi ashirin a ciki. Na bayan shagon masara, ranar auren Auta, duk sun fito babu komai a jikinsu. Ya riƙe kwalinsu ya fi minti ɗaya kafin ya ajiye shi a ɓangaren ƙonawa. Suka yi awa uku suna aiki, yatsunsu sun sandare, ba wanda ya yi maganar godiya.

Da suka gama ta zaro takardar manne da biro, sai ta tsaya.

“Akwai matsala guda. Kowane wata mai kula da kaya yana zagayawa da jerin Darakta. Idan ya ga abin da ba na sashenmu ba, fitar da shi zai yi. Ni kuma ba zan rubuta ƙarya ba, kai ka hana mu. Me zan sa a jiki?”

Malam ya dubi hawan ƙasa, inda abin da ya rage na shekara goma sha tara ya shige har da sauran wuri.

“Mai kula da kayan nan, ya taɓa jin labarin kogi?”

“Ka yi masa bayani sau biyu. Ya kawo maka ƙaninsa.”

“To rubuta hanta,” in ji shi. “Da manyan baƙaƙe. Ki kuma gyara hannu, don Allah, yadda zai iya karantawa.”